Shekarar da Na Ɗauko Inna

Usman, Halima, da ku jikokina in Hausarku ta kai ku karanta, ko a karanta muku: akwai maganganu biyu da ake yi a kaina cikin dangi, kuma duk sun iso ni, don ƙafa ce ta tsufa, kunne yana nan. Ta farko, wai ban taɓa son wasan tanis ɗin yayarku ba, wasu ma suna ƙarawa da cewa ita kanta ban damu da ita ba. Ta biyu, wai na ɗauko mahaifiyata daga Kano na kawo ta ƙasar sanyi ta mutu saboda ƙwallo. A shekara ɗaya aka haifi maganganun nan, kuma ta farkon ce ta haifi ta biyun. Shekarar zan ba ku yadda ta kasance, ba ƙari ba ragi.

Sunan yayarku ba za ku gan shi a nan ba. 'Yar fari ce, kuma inda na tashi uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta rungumarsa ana kallo, in ya faɗi tana tsaye sai wani ya ɗaga shi. Kunya ce, haka muka taras. Tun tana cikin zanen goyo a flat ɗinmu, ɗan gidan haya a benen council, wato ƙaramar hukuma, a unguwar Whitechapel ta Landan, nake ce mata “ke” ko “yarinyar nan”. Ku biyu kuwa na yi muku rawa, na yi muku waƙa, ina ƙwala muku kira daga tagar kicin har maƙwabta suka haddace sunayenku. Ni ban ga komai a ciki ba. Ashe ita tana gani tana tarawa.

Wasan kuma ba shiri aka yi masa ba. Yarinya ce marar zama, duk abin da ya yi kama da ƙwallo sai ta buga shi da bango, har tsohon da ke ƙasanmu ya riƙa dukan silin da sandar tsintsiya. Malam, babanku, shi ya gaji ya fara kai ta filin council da ke bayan gidajenmu ranar Asabar, wani fili mai yagaggiyar raga, don ta ƙone ƙarfinta a can mu samu barci. A nan wata Baturiya mai koyar da yara, Misis Pat, ta gan ta. Daga Asabar aka koma kullum bayan makaranta, daga nan aka fara tafiye-tafiye garuruwan da ban iya faɗin sunansu ba. Ni nawa aikin a gida yake. Fararen kayan nan da ba sa son datti ni ke wanke su da hannu, don injin wanki yana dafar da su. Ni na ɗinka mata dogon wandon da take sakawa a ƙarƙashi, kuma ni nake amsa wa matan masallaci in sun fara “wai 'yar gidan Malam ce ke guje-guje a gaban maza?” Na koyi dafa taliya fara ba mai ba yaji, abincin marasa lafiya, saboda an ce shi ake ci kafin wasa. Amma kallo ban taɓa zuwa ba. Kun san ni, daga kasuwa sai masallaci sai gida, tube ɗin nan ma, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, in na shiga sai na yi ta salati har mu fito. Kuma ko ba wannan, me zan je in yi? In zauna ina kallon 'yar fari ana tafa mata?

Shekarar da ta gama makaranta aka ba ta gurbi a wata gasa ta bazara da ake yi a kan ciyawa, irin wadda ake nunawa a talabijin. Misis Pat ta zo har gida, ta cire takalmi a bakin ƙofa kamar yadda ta saba, ta sha shayi, sannan ta dube ni. Turancina na kasuwa ne a baki, amma a kunne ba abin da ke wuce ni.

“Akwai kujeru na musamman na iyalin 'yar wasa,” in ji ta. “Duk sauran yaran uwayensu na zama. Ta ce kada in roƙe ki, amma ga ni na roƙa.”

Malam ya ce mata za ni. Bai ko dube ni ba.

Na je. Na sa leshina mai ruwan ƙasa da babban mayafi, aka zaunar da ni tsakanin Malam da Misis Pat. Abin da ya fara ba ni mamaki shirun wurin ne. Jama'a kamar Idi, amma in za a buga ƙwallo ko tari ba ka ji. Matar da aka haɗa su ta girme ta, ta fi ta suna nesa ba kusa ba, kowa ya zo ne ya ga yadda za a gama da yarinya da wuri. Ni ƙasa nake kallo, ina jan carbi cikin mayafi, da kunne nake bin wasan. Ƙarar bugunta daban take, tana da wani kauri, kuma in ta gaji numfashinta yana canzawa, tun tana ƙarama na san wannan. Can sai wurin ya fashe da ihu, ashe ta ci wasan. Kafin in gane me ake ciki ta jefar da abin bugun, ta haura ta kan kujeru, ta tsallake mutane, ta faɗo jikina tana kuka, gumi sharkaf, hannuwanta a wuyana.

Jikina ne ya amsa, ba ni ba. Na sandare. Na ja mayafi na rufe baki, na kawar da kai gefe, na ce a hankali:

“Ke, mutane.”

Ta sake ni. Misis Pat ce ta buɗe hannu ta karɓe ta. Washegari hoton yana ko'ina: yarinya ta rungumi uwarta, uwar ta juya fuska kamar an kawo mata abin wari. Wasu suka rubuta cewa addini ne ya hana, wasu suka ce fushi nake da gajeren siket. Ba wanda ya tambaye ni, kuma ko an tambaya ban san ta inda zan fara ba.

Zagaye na gaba aka fitar da ita. Ta dawo gida da la'asar, ina yanka albasa. Ta tsaya a ƙofar kicin da jakarta a kafaɗa. Da Turanci ta yi maganar, don in ranta ya ɓaci Hausarta gudu take.

“Umma, ki faɗi sunana.”

Na ci gaba da yanka.

“Sau ɗaya. Ba kowa a nan, ba kyamara. Usman yana da suna, Halima tana da suna. Ni ce ‘ke’.”

Malam ya taso daga falo yana cewa haba, ai al'ada ce, ai girmamawa ce, ɗan fari shi ne babba a zuciya. Ta ce masa ta ji wannan tun tana firamare, kuma al'adar da ba a iya gani da ido ba ta san me za ta yi da ita ba. Ta sake juyowa ta jira. Na buɗe baki, Allah ya sani na buɗe, sai na ji kamar an ce in tuɓe a tsakiyar kasuwa. Abin da ya fito shi ne:

“Abinci ya kusa.”

Ta shiga ɗaki ta kwashi kayanta. Gidan Misis Pat ta koma, can ƙetaren kogi, a ɗakin ɗanta da ya tafi jami'a.

Bazarar nan haka ta ƙare. Ina dafa abinci in ba Malam ya kai, kwanukan su dawo a wanke, daga baya na ji mijin Misis Pat ne ke cinyewa, har ya fara tambayar miyar taushe. In Malam ya kira ta suna magana, in ya ce ga Ummanki sai ta ce an kira ta atisaye. Wasan ma ya lalace. Duk gasar da ta shiga a ranar farko ake sallamo ta. Rannan sai ga Misis Pat ita kaɗai, ba ta ko karɓi shayi ba.

“Kada ki ɗauka na sace miki 'ya,” ta ce. “Ɗaki na ba ta. Hannunta lafiya lau, ƙafarta lafiya lau. Amma in za ta buga sai ta ɗaga kai ta dubi kujerun nan, sannan ta zuba ƙwallo a raga. Ta fara cewa za ta bari. Ni na iya gyara bugu, wannan ban iya ba.”

Bayan ta tafi na zauna ina tambayar kaina abin da ban taɓa tambaya ba. Ni ma 'yar fari ce. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa ɗora ni a cinya ana gani ba. To me ya sa bai taɓa yi min ciwo ba? Sai na tuna Kaka Yalwa. A ɗakinta nake kwana, a kwanonta nake ci, ita ke yi min kitso tana zagina tana kirarina, in an dake ni ita ke fitowa da muciya. Ga Gwaggo Asabe da ke saya min awarwaro duk sallah, ga matan kawunnaina. Gidan cike yake da bakunan da ke faɗin abin da Inna ba za ta faɗa ba, shi ya sa shirunta bai zama rami ba. Ni kuma da na tashi zuwa Ingila na ninke kunyar nan tsaf na sa a akwati, na baro kaka da gwaggo a Kano. Rabin al'ada na kawo wa yarinyar nan, rabin da ke hanawa, na bar rabin da ke bayarwa.

Na kira ƙanena Sani, wanda Inna ke zaune a gidansa, na ce ya ba ta wayar. Ni da Inna magana muke yi, kada ku ɗauka gaba ce, amma gajera, kamar ta mutanen da suka haɗu a bakin rijiya. Ran nan kuwa na kasa gajartawa, har muryata ta karye. Ta saurare ni har na gama. Ashe Sani ya riga ya nuna mata hoton.

“Na ga abin,” ta ce. “Daidai kika yi. Sai dai gidan da ba tsohuwa, yaro maraya ne ko da uwa tasa. A nemo min takardun.”

Inna a lokacin ta tsufa sosai, kuma in ban da aikin Hajji ba ta taɓa hawa jirgi ba. Sani bai so ba. Ya ce wata biyu kawai, a dawo masa da ita kafin sanyi ya shigo, na ce na ji. Malam ya sayi tikiti, ta iso lokacin da ganyen bishiya ya fara ja. A filin jirgi ta rungume ku biyu tana shafa kawunanku, ni kuma ta dubi allon da ke bayana ta ce masa, “An rame.” Zaman gidan ma abin dariya ne. Ɗakuna biyu, lungu ɗaya, ga suruki ga surukuwa kowa yana gudun kowa. In Malam zai shiga banɗaki sai ya yi gyaran murya tun daga falo, ita kuma ta ja ƙofa. Sau da yawa sun yi kiciɓis, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya suna gaisawa da bango.

Ba ta huta ba ta ce a kai ta inda ake abin. Halima, ke kika raka ta, kin tuna yadda ta riƙa gaida mutane ɗaya bayan ɗaya a cikin tube tana mamakin rashin tarbiyyarsu. Ke kika ba ni labarin haɗuwar. Yayarku tana tsakiyar atisaye, sai ga tsohuwa da sanda da rigar sanyin Malam har gwiwa ta ratso fili, ta tsaya ta ƙare mata kallo sama da ƙasa.

“Wannan ce? Wannan zanƙaleliyar? Duk abincin Ingila a tsawo ya tafi. Miƙo in ga abin hannun naki.”

Ta juya shi, ta leƙa ta cikin zaren.

“Rariya ce. An rasa abin yi da rariya sai dukan ƙwallo. In kin gama ki ara min, garin gidanku duk tsaki ne.”

Sannan ta kira ta da cikakken sunanta, da ƙarfi, har sau uku, ta ɗora da kirarin masu sunan, ta jawo kanta ƙasa ta tofa mata addu'a a goshi a gaban Misis Pat da duk wanda ke wurin. Daga ranar ta zama Mai Rariya. Kullum Inna sai ta je, da flas ɗin shayinta da goro a ƙullin zane, ta zauna a benci tana sharhi. In ƙwallo ta faɗa raga ta ce, “Ragwanci.” In ta wuce ta ce, “Jinin Yalwa.” Ita ta yi mata Hausa, yarinya ta mayar da Turanci, kuma a haka suke faɗa su shirya. Ba a daɗe ba yayarku ta fara zuwa cin tuwon Juma'a, wai don Inna. Ta gaishe ni a tsaye, ta wuce.

Wata Juma'ar na kawo tuwo na durƙusa na ajiye a gaban Inna. Ta kawar da kai ta ce, “Bar shi nan.” Sannan ta juya ta ci gaba da tsokanar jikarta, tana yanko loma tana tura mata a baki. Na koma kicin, amma ƙofa a buɗe take. Sai na ji yayarku ta harhaɗo Hausarta.

“Inna, me ya sa ba ki yi magana da Umma? Ta yi laifi?”

“Laifin me? Ita ce ta fari.”

“Ba ki ce sunanta?”

“Allah ya kiyaye.”

“Ko sau ɗaya?”

“Ke, ci tuwo.”

Yayarku ta ƙi karɓar lomar. Sannan ta ce:

“To ba ki son ta.”

Na tsaya da ludayi a hannu. Tsawon rayuwata ban taɓa jin an yi wa Inna wannan tambayar ba, kuma sai na tarar ina so in ji amsar kamar ƙaramar yarinya.

“Ji shashanci,” in ji Inna. “Kin ɗauka don ke na hau jirgi da tsufana, na zo garin da rana ke jin kunyar fitowa? Ke wace ce, Mai Rariya? Ni ƙwallo na sani? Waccan ce ta yi kuka a waya. Tun da aka yaye ta ban ji kukanta ba sai a kanki. Miƙo min ruwa.”

Iyakar abin da Inna ta taɓa faɗa a kaina ke nan, kuma ba ni ta faɗa wa ba. Na kunna famfo na bar shi yana zuba. Da yayarku za ta tafi ran nan ta shigo kicin ta ɗauki tsumma ta goge kwanuka biyu. Amma gidan Misis Pat ta koma.

A nan ne maganar ta biyu ta samo tushe, don haka ku karanta a hankali. Lokacin komawar Inna ya yi. Sanyi ya fara cizo, ta fara wani ɗan tari da safe. Sani yana kira kusan kullum. Ita kuma yayarku tana da gasa a wani gari can arewa, ta cikin rufaffen ɗaki, bayan ranar tafiyar da 'yan makonni, kuma ta ce wa Inna tana so ta zo ta zauna mata a kujerar. Na ga yarinyar da ta fara dawowa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Na ga tsohuwa mai tari. Duka biyun na gani, ba wanda ya ɓoye min komai. Na sami Inna bayan azahar tana lazimi, na zauna daga gefe na ce in ta tafi yanzu ina tsoron abin zai warware.

“Sani zai yi faɗa,” ta ce.

Na ce na sani.

“To a gaya wa mai gidan ya ɗaga tikitin. Kuma a samo min safa mai kauri, wannan ta yara ce.”

Ni na roƙa, ita ta amsa. Ba yayarku ba ce, ba Malam ba ne. Duk mai neman wanda zai ɗora wa, ga ni.

Gasar nan a talabijin na bi ta, daga kicin. An gaya wa Inna dokar wurin, cewa ba a magana sai ƙwallo ta mutu, ta ce ta ji, ita ba yarinya ba ce. Ana cikin wani dogon musayar bugu, yayarku ta kai wa ƙwallo wani duka a kusurwa, Inna ta ɗauka shi ke nan an gama. Sai na ji guɗa ta tashi a cikin talabijin, irin ta ɗaurin aure, doguwa mai karkarwa, ta cika ɗakin nan na Turawa. Abokiyar wasan ta tsaya cak. Alƙali ya ce a sake bugun, ya roƙi jama'a su yi shiru, yana waige-waige bai san ma me ya ji ba. Na leƙo. Yayarku ta dafa gwiwa tana dariya har ta kasa miƙewa. Rabona da ganin haƙoranta tun kafin hoton nan. Da aka sake bugun ta rasa makin, amma ta ci wasan, ta ci na gaba, ta kai har na ƙarshe. Da suka dawo Landan ba ta wuce ƙetaren kogi ba. Ta shigo riƙe da Inna a hannu ɗaya, jakarta a ɗayan, ta ajiye jakar a inda take ajiye ta da.

Tarin ne ya sauka ƙirji. Aka kwantar da Inna a asibitin unguwarmu, likitoci suka yi iya yinsu, suka ce maganar jirgi babu ita sai ta warware. Ba ta warware ba. Yayarku ta janye daga gasa biyu tana zama da ita. Wata rana da hantsi ina tsaye a gefen gado, Inna ta buɗe ido ta dubi jikarta.

“Ce wa waccan ta zauna. Ƙafarta ta kumbura.”

Yayarku ta tashi ta turo min kujerarta. Kafin sanyi ya fita Inna ta rasu. Sani ya ce a kawo ta gida, malamai suka ce gawa ba ta jira, inda rai ya fita nan ƙasarta take. Aka yi mata salla a masallacinmu, aka kai ta maƙabartar musulmi a bayan gari, inda ba ta da kowa, ba mijinta ba iyayenta. A waya Sani ya ce min:

“Yaya, amana na ba ki. Wata biyu muka yi da ke.”

Gaskiya ya faɗa. Har yau in mun yi waya gaisuwa ce da tambayar yara, ba mu wuce nan. Matarsa ce ta fara cewa an kashe tsohuwa saboda ƙwallo, daga bakinta ya bazu. Ajali ba ya wuce ranarsa, wannan na sani kamar yadda kowa ya sani. Amma na kuma san da ta tafi a ranar da aka sa, da a ɗakinta za ta cika, da 'ya'yanta bakwai a kanta maimakon ɗaya. Wannan nake ɗauke da shi, kuma ban ce wani ya taya ni ba.

Abin da ya biyo baya kun san shi. Yayarku ta yi shekaru tana yawon duniya da jakarta, ta buga wa ƙasar nan wasa da tutarsu a ƙirji, ta ci ta sha kaye, ba ta zama ta ɗaya a duniya ba amma ta kai inda in an faɗi sunanta ba a tambayar wace ce. Kafaɗa ce ta ajiye ta, yanzu tana koya wa yara a irin filin da ta fara. Duk wannan a rubuce yake a wurare da yawa, waɗanda suka fi ni ilimi sun rubuta. Abu ɗaya ne suka rubuta ba daidai ba.

Bazarar da ta zagayo bayan rasuwar Inna aka sake gayyatarta gasar ciyawar nan. Ba ta ce in zo ba, Misis Pat ma ba ta ce ba. Ni na ce wa Malam a samo min kujera, don wadda za ta zauna babu ita, kuma ban ga dalilin da za a bar wurin fayau ba. Na zauna kamar bara, ido a ƙasa, carbi a mayafi. Guɗa ban iya ba, ko na iya ba zan yi ba. Ran nan ba ta ci ba, an fi ta, tun tsakiyar wasa na ji a numfashinta. Ta gaisa da abokiyar wasanta a raga, ta haɗa kayanta, ta nufi hanyar fita, wadda ta bi ta ƙarƙashin inda muke. Da ta zo daidai ni sai ta tsaya. Na ce a raina yau ma za a sake. Ba ta hauro ba. Jakar ta sauke, ta durƙusa har ƙasa a kan ciyawa, kai a sunkuye, yadda ta ga ina yi in na kai wa Inna abinci.

 Sai ga ma'aikaciyar lafiya a guje da jakar magani, mai sharhi a talabijin yana cewa da alama gwiwarta ce, washegari ma haka jaridu suka buga, wai ta gama wasan da rauni. Gwiwarta lafiya lau take. Gaishe ni ta yi.

Na dubi gefe, wajen wata mata mai jar hula, na ce yadda ita kaɗai za ta ji:

“Sannu da aiki. A tashi haka, ciyawar da sanyi.”